Tarihin Iraƙi a Bakin Murhu

A cikin shekarar 2008, sa'ad da nake zaman karatu a Alƙahira, wani abokin karatuna mutumin Bagadaza ya matsa mini lamba sai na bi shi mun ci abincin garinsu. Muka shiga mota muka nufi wani sabon gari da ke yamma da Alƙahira, wanda Misirawa suke kira Birnin Shida ga Oktoba. A wancan lokaci unguwannin wannan gari cike suke da Iraƙawa waɗanda yaƙi ya koro daga gida, har ta kai idan mutum ya bi wasu layuka ba ya jin komai sai Larabcin bakin Dijla. Gidan abincin da ya kai ni ɗan ƙarami ne, tebur shida ko bakwai, a ƙarƙashin wani bene. A ƙofar gidan an haƙa wani faffaɗan murhu, wuta tana ci a tsakiyarsa, an kuma kakkafa turaku kewaye da ita. Da na hango shi sai na tuna da tukubar mai tsire. Bambancin kawai shi ne, a maimakon tsinkayen nama, manyan kifaye ne aka buɗe kamar littafi aka jingina su a jikin turakun, cikinsu yana fuskantar wuta.

Mai gidan dattijo ne mai furfura. Muna zama ya ɗora hannu a ƙirji ya ce, "Allah bil-khair," waɗanda ke sauran teburan su ma suka maimaita, domin haka al'adarsu take ga duk wanda ya shigo majalisa ya zauna. Abokina ya zaɓi kifi, aka auna. Sai dattijon ya dube ni ya ce, "Ɗana, in kana sauri ka faɗa tun yanzu in kawo maka kabab. Wannan kifi ba ya nuna ƙasa da sa'a guda." Na ce masa, "Baffa, ai mai haƙuri shi kan dafa dutse." Sunan wannan gashi masguf, kuma shi ne abincin da mutanen Iraƙi suke ɗauka a matsayin tutar girkinsu. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, tun kafin a ɗora kifin dattijon ya fara ba da haƙuri. Ya ce wannan ba masguf na asali ba ne, tun da kifin bai sha ruwan Dijla ba, itacen kuma ba na lambunan Bagadaza ba ne. Wannan kalma ta "asali" ita ce ta tsaya mini a rai, ita ce kuma ta sa daga baya na shiga bin diddigin tukunyar mutanen nan.

Ƙasar da ke tsakanin kogin Dijla da na Furatu ita ce ta bar wa duniya tsarin girki mafi tsufa da aka samu a rubuce. A Jami'ar Yale ta Amurka akwai wasu allunan yumɓu guda uku waɗanda aka rubuta wajen shekara ta 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da harshen Akkadiyanci, cikin rubutun nan mai kama da sawun ƙusa. An daɗe ana zaton magunguna ne aka rubuta a kansu. Wata masaniya mai suna Mary Hussey ta ce girke-girke ne tun a 1945, amma ba a kula ta ba, sai da Bafaranshen nan Jean Bottéro ya zauna ya warware su a shekarun 1980 aka tabbatar da gaskiyarta. Allo ɗaya daga ciki yana ɗauke da girki 25, wato 21 na nama da 4 na ganye. Wanda ya karanta fassararsu zai ga cewa kusan duk hanya ɗaya suke bi: a ɗora ruwa, a jefa kitse, a sa nama da gishiri, a kawo albasa da tafarnuwa da danginsu a daka a zuba. Babu awo, babu ƙididdigar lokaci, alamar cewa gwani ne ya rubuta domin gwani ɗan'uwansa. Wannan romo mai kauri shi ne kakan miyar da Iraƙawa suke kira marga, wadda ake zubawa a kan shinkafa kowace rana a gidajensu.

Haka nan murhun gurasa. Mutanen Akkad suna kiransa tinuru, Larabawa suka ce tannur, kalmar da ta zo a cikin Alƙur'ani mai girma a ƙissar Annabi Nuhu (AS) cikin Suratu Hud. Da wuya a ce ba daga wannan tushe tanderun da matan Kano suke gasa gurasa a ciki ya samo sunansa ba, domin suna da siffa da aiki duk sun zo ɗaya: tukunyar ƙasa ce mai zurfi, a hura wuta a gindinta, a manna ƙulli a jikin bangonta. Shi kuwa kifi ya daɗe a kan teburin sarakunansu. Sarki Ashurnasirpal na Biyu na Assuriya, da ya gama ginin fadarsa a Kalhu wajen shekara ta 879 kafin haihuwar Annabi Isa, ya sa an sassaƙa a dutse cewa ya ciyar da mutum 69,574 har kwana goma, kuma a cikin jerin abin da aka ci akwai kifi 10,000. Kangon wannan fada, wadda aka fi sani da Nimrud, 'yan ƙungiyar Da'ish sun tarwatsa shi da nakiya a 2015.

Ana cikin jira aka kawo mana gurasa mai zafi da ƙananan kwanuka. Ɗaya na kayan lambu ne da aka tsima cikin ruwan tsami, suna kiransa turshi. Ɗayan kuma wani miya-miya ne rawaya mai ƙarfin ƙamshi, sunansa amba, wanda zan dawo kansa nan gaba.

Zamanin da girkin wannan ƙasa ya kai ƙololuwa shi ne na Abbasiyawa. Halifa Mansur ya aza harsashin Bagadaza a shekara ta 762 Miladiyya, kuma kafin a yi ƙarni guda birnin ya zama mahaɗar fatake daga Hindu da Sin da Farisa da Rum. Bahaushe bai jahilci sunan wannan birni ba. Daga can tarihin baka ya ce Bayajida ya fito, can Sidi Abdulƙadir Jilani yake kwance tun 1166, can kuma aka kafa da yawa daga cikin labaran Dare Dubu da Ɗaya. Abin da ba mu cika sani ba shi ne, a fadar Abbasiyawa girki fanni ne na ilimi da adabi, kamar waƙa da nahawu, kuma 'ya'yan sarauta ba sa jin kunyar a san su da shi. Ibrahim ɗan Mahdi, ƙanen Haruna Rashid ta wajen uba, mawaƙi ne kuma gwanin tukunya. Mutanen Bagadaza sun naɗa shi halifa a 817, mulkin ya suɓuce masa a 819, ya shiga ɓuya har Ma'amun ya yafe masa. Sarautarsa ta shekara biyu ta bi ruwa, amma wani girki mai suna ibrahimiyya ya ci gaba da yawo a littattafai ƙarni bayan ƙarni. Mas'udi ya ruwaito cewa wata rana Ibrahim ya kawo wa Haruna wani akushi na harsunan kifi zalla, sama da 150, wanda kuɗinsa ya haura dirhami 1,000, Haruna ya ƙi taɓawa har sai da aka kawo kwatankwacin kuɗin aka yi sadaka da shi. Ita ma Buran, wadda Ma'amun ya tare da ita a 825 cikin bikin da marubuta tarihi suka daɗe suna labarin almubazzarancinsa, ta bar sunanta a kan wani girkin baƙin yalo da har yanzu ake kira burani daga Farisa zuwa Andalus.

A ƙarni na 10 wani marubuci mai suna Ibn Sayyar al-Warraƙ ya tattara wannan ilimi a cikin Kitabuɗ Ɗabikh, littafi mai babi 132 da girki fiye da 600, wanda shi ne littafin girki na Larabci mafi tsufa da ya iso gare mu. Bai tsaya ga tukunya kaɗai ba. Ya yi magana a kan ɗabi'ar kowane abinci a jikin ɗan Adam, da tsabtar madafa, da wankin hannu, da sakace, da ladabin zama a gaban manya. A cikinsa ne ake samun sikbaj, wato nama da aka dafa da ruwan khal mai tsami da ɗan zaƙi, wanda ake yi wa kirari da sarkin girke-girke, da kuma nau'o'in tharid, gurasar da aka gutsuttsura aka jiƙa da romo. Littafin ya daɗe a kwance a ɗakunan ajiya, sai a 1987 aka buga shi a Helsinki, sa'an nan wata Ba'iraƙiya mai suna Nawal Nasrallah ta fassara shi zuwa Ingilishi a 2007, daidai lokacin da garin da aka rubuta shi yake ci da wuta.

Wannan duk labarin fada ne. Talakan Bagadaza shi ma yana cin abinci a waje, domin kasuwannin Karkh cike suke da masu gashi, da masu harisa, da masu dafa kawunan tumaki, ga kuma muhtasibi yana zagayawa yana duba awo da tsabta. Almajiran zaure a ƙasarmu sun san Muƙamar Hariri, mutumin Basra. To, wanda ya riga shi a wannan fanni, Badi'uz Zaman Hamazani, wanda ya rasu a 1008, ya bar mana hoton gidan abincin unguwa na wancan zamani a cikin muƙamarsa ta Bagadaza. Wani ɗan birni ne yunwa ta kama shi ba shi da ko anini, sai ya hangi baƙauye yana kora jaki, da kuɗi ƙulle a gefen zanensa. Ya tare shi da fara'a kamar tsohon sani, ya kira shi da sunan da ba nasa ba, ya tambayi mahaifinsa, da aka ce ya rasu ya yi kamar zai yage rigarsa don baƙin ciki. Sa'an nan ya rantse sai ya yi masa liyafa. Ya ja shi wurin mai gashi, suka ci nama da gurasa, suka bi da alewar almond. Da suka ƙoshi ɗan birni ya ce bari ya nemo musu ruwan ƙanƙara, ya fita ya laɓe inda yake hangen abin da zai faru. Baƙauye ya gaji da jira ya tashi zai tafi, mai gashi ya cafke shi. Ya ce ai shi baƙo ne aka gayyato, aka ba shi amsa da mari, ya kwance ƙullinsa da haƙora yana kuka ya biya. Ina karanta wannan labari ina dariya, amma abin lura a cikinsa shi ne, shekara dubu da suka wuce akwai ruwan ƙanƙara na sayarwa a kasuwar Bagadaza, a garin da zafinsa yakan kai maki 50 a ma'aunin yau.

A shekara ta 1226 wani magatakarda, Muhammad bin Hasan al-Bagdadi, ya sake rubuta wani littafin girki mai ɗauke da nau'i 160. Shekara 32 bayan haka, cikin watan Fabrairu na 1258, rundunar Hulagu ta shiga Bagadaza, aka kashe Halifa Musta'asim, aka kawo ƙarshen fadar da ta raya wannan fasaha shekara ɗari biyar. Rubutaccen littafin ya tsira a Istanbul, inda wani likita mutumin Mausil, Dawud Chalabi, ya gano shi ya buga a 1934. Wanda ya buɗe shi yana neman abincin da ake ci a Bagadaza ta yau zai sha mamaki. Babu tumatir a ciki, babu dankali, babu barkono, domin dukkansu daga nahiyar Amurka suka fito bayan 1492. Miyar kubewa da tumatir, wadda kowane Ba'iraƙe zai rantse maka cewa ita ce abincin kaka da kakanni, Haruna Rashid bai taɓa ganin kalarta ba. Shi kuwa sikbaj da aka yi wa sarauta, ya sauka daga karaga tun tuni.

Abin da ya cike gurbin ya zo ne tare da masu mulki da fatake. Sultan Sulaiman na Daular Usmaniyya ya ci Bagadaza a 1534, Farisawa suka ƙwace, Murad na Huɗu ya sake karɓewa a 1638, kuma Turkawa suka zauna har 1917. Daga wannan zama ne sunan dolma ya shigo, wato albasa da ganyen inabi da yalo da ake ƙwaƙule cikinsu a cusa shinkafa da niƙaƙƙen nama, a jera a tukunya ɗaya, in ya nuna a kife shi a babban faranti. Daga Farisa aka samo sunan pacha, kan tunkiya da ƙafafu da tumbi da ake kwana ana dafawa a ci da sassafe a kan jiƙaƙƙiyar gurasa. Duk wanda ya san langaɓu ba zai yi baƙunta a gabanta ba. Ta tashar Basra kuma jiragen ruwa suka kawo kayan yajin Hindu, da biryani, da busasshen lemun tsami wanda har yau ake kira numi Basra ko da yake ba a can aka fi noma shi ba. Shayi shi ne auta. Kofi aka sani a da, sai a ƙarshen ƙarni na 19 shayi ya fara samun shiga, ya kuma kafu sosai bayan sojojin Ingila sun shiga Bagadaza a watan Maris na 1917. Ɗan ƙaramin kofin gilashin da suke sha da shi sunansa istikan. Iraƙawa suna da labarin raha cewa daga bakin sojojin Ingila kalmar ta fito, amma masana harshe sun mai da ita ga kalmar Rashanci stakan, wadda ta biyo ta Farisa tare da tukunyar samobar.

Yanzu sai amba. Ɗanyen mangwaro ne ake tsimawa da gishiri da ruwan tsami da hulba da kurkum, sunan ma daga harsunan Hindu ya fito, ma'anarsa mangwaro. Ana jingina yaɗuwarta ga fataken Yahudawan Bagadaza da suka zauna a Bombay, irin zuriyar Dawud Sassoon wanda ya sauka can a 1832. Yahudawan Iraƙi sun fi shekara 2,500 a ƙasar, kuma a farkon ƙarni na 20 sun kai sulusin mutanen Bagadaza ko fiye. Suna da nasu girkin, tibit, kaza da ake cusa wa shinkafa a binne ta cikin wata shinkafar, a bar ta a kan rushi tun yammacin Juma'a har ranar Asabar, saboda addininsu ya hana su hura wuta a wannan rana. Bayan tarzomar da aka yi musu a watan Yuni na 1941, da kafuwar Isra'ila a 1948, kimanin mutum 120,000 daga cikinsu suka bar ƙasar tsakanin 1950 da 1951. Suka tafi da amba, ta zama mahaɗin abincin titi a can inda suka sauka, yayin da maƙwabtansu Musulmi da Kirista suka ci gaba da dafa tibit a Bagadaza bayan masu shi sun tafi. Wannan hijira ta fitar da tukunyar Iraƙi waje, ba kuwa ita ce ta ƙarshe ba.

Da aka kusa sa'a guda sai dattijon ya cire kifinmu daga turaku, ya shimfiɗa bayansa a kan garwashi na ɗan lokaci domin ɓawon ya ƙone ya zama kamar faranti. Ya yi mini bayanin aikin dalla-dalla. Ta baya ake tsaga kifin, daga kai zuwa wutsiya, a bar cikin a haɗe, a buɗe shi ya yi faɗi. Ba a kankare ɓawon. Gishiri kawai ya isa, ko da yake wasu sukan shafa tsamiya da kurkum. Ba a ɗora shi a kan wuta, a gefenta ake tsayar da shi ta inda iska take kaɗa harshen wutar, domin zafi ya ratsa shi sannu a hankali kitsen ya narke cikin tsokar. Itacen da aka fi so shi ne na itatuwan marmari, irin su lemo da mishmish. Kifin kuwa uku ne masu daraja, bunni da gattan da shabbut, dukkansu 'yan Dijla da Furatu.

Gidan masguf na gaskiya shi ne Titin Abu Nuwas, wanda ya bi gaɓar Dijla ta gabas, aka kuma sa masa sunan mawaƙin nan na zamanin Haruna da Amin. A da, in bazara ta yi ruwa ya ja baya, tsibiran yashi sukan fito a tsakiyar kogin, iyalai su kafa rumfunan kara su kwana a can saboda zafi, masunta su kamo kifi su gasa musu nan take. Daga shekarun 1950 zuwa 1970 titin ya zama wurin hirar dare na birnin gaba ɗaya, inda ma'aikaci da mawaƙi da ɗan kasuwa suke zuwa su nuna kifin da suke so yana iyo a cikin kwatami. A 1975 aka kafa gumakan Shahrazad da Sarki Shahrayar, aikin Muhammad Gani Hikmat, a bakin wannan titi. Dattijonmu ya ce a nan ya koyi sana'a yana yaro, yana ɗauko wa mahaifinsa itace.

Abin da ya biyo baya sananne ne, amma ba a cika duba shi ta fuskar akushi ba. Yaƙin Iraƙi da Iran na 1980 zuwa 1988 an gwabza shi ne a tsakiyar gonakin dabinon Shaɗɗul Arab, kuma ƙasar da take da bishiyar dabino kimanin miliyan 30, fiye da kowace ƙasa a lokacin, ta yi asarar miliyoyi daga ciki. A ranar 6 ga Agusta 1990, bayan mamaye Kuwait, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 661 wanda ya ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi. Iraƙi a lokacin daga waje take sayo mafi yawan abincinta. Gwamnati ta fito da katin rabon abinci, kowane gida ya riƙa karɓar garin alkama da shinkafa da sukari da shayi da mai a wata. Dinarin da a hukumance ya fi dala uku ya faɗi har sai an tara 3,000 kafin a sami dala ɗaya a ƙarshen 1995. Malamin makaranta ya wayi gari albashinsa na wata bai kai kuɗin kifi guda ba. Shirin musayar mai da abinci bai fara aiki ba sai a Disamba 1996. A cikin waɗannan shekaru ne kuma, bayan boren 1991, gwamnatin Saddam Husaini ta janye ruwan manyan fadamun kudu domin ta hana 'yan tawaye mafaka. Kafin shekara ta 2000 kusan kashi 90 cikin ɗari na fadamun sun bushe. Nan ne kuwa bunni yake hayayyafa, nan ne kuma Larabawan fadama suke kiwon ɓaunar da ake samun gemar daga madararta, wato kakkauran man nono da mutanen Bagadaza suke karya kumallo da shi.

Mamayar Amurka ta 2003 ta ƙarasa Titin Abu Nuwas. Tsallaken kogin, daura da shi, fadar shugaban ƙasa ce, wadda ta zama mazaunin 'yan mamaya, saboda haka aka datse titin da katangun siminti da waya mai ƙaya. Bayan an tashi bam a hubbaren Samarra ranar 22 ga Fabrairu 2006, kashe-kashen ɗarika suka ɓarke, aka riƙa tsamo gawarwaki daga Dijla. Mutane da yawa suka daina cin kifin kogi, suka koma ga na kiwo. A nan dattijon ya yi shiru, ya juya wani kifi da ba ya bukatar juyi. Abokina ne ya ƙarasa mini cewa a wannan shekara aka jefa wa mutumin takarda ta ƙarƙashin ƙofa, da harsashi a ciki, aka ba shi kwana uku ya bar unguwar da aka haife shi. Kafin ƙarshen 2007 kimanin Iraƙawa miliyan biyu suna waje, galibinsu a Sham da Jordan, wasu a Masar, wasu sun bi sawun 'yan'uwansu zuwa Landan da Suwidin da Dearborn ta Amurka. Ko'ina suka sauka, abin da suke fara buɗewa shi ne gidan burodin sammun da gidan abinci. A irin waɗannan wurare ne ake samun labarin wanda ya rasu da wanda ya tsira, da inda ake neman ma'aikaci, da ranar da ofishin 'yan gudun hijira zai kira mutum. Na lura kuma a teburan nan babu mai tambayar ɗan'uwansa ɗarikarsa, alhali tambayar da ta raba su da gida ke nan.

A ganina dattijon ya yi wa kansa rashin adalci da ya ce girkinsa ba na asali ba ne. Tukunyar da ta karɓi pacha daga Farisa, da dolma daga Istanbul, da mangwaro daga Bombay, da tumatir daga Amurka, da kofin shayi daga Rasha, ba ta da wata rana guda da za a nuna a ce ga asalinta. Amma ta wata fuskar yana da gaskiya, gaskiyar da ta ƙara fitowa bayan wancan dare. An sake buɗe Titin Abu Nuwas a ƙarshen 2007, wuta ta sake kamawa a murahunsa, sai dai mafi yawan kifin da ake jinginawa a kansu na kiwo ne. An fasa madatsun fadamu bayan 2003 ruwa ya dawo wani sashe, har UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya a 2016, amma fari da madatsun ruwa na Turkiyya da Iran suna ta rage abin da yake gangarowa. A 2018 gwamnati ta hana noman shinkafa na bazara saboda ƙarancin ruwa, hanin da ya shafi anbar, shinkafar nan mai ƙamshi ta yankin Najaf. A kakar wannan shekara kuma wata cuta ta kashe kifin kiwo tuli a Furatu kusa da Babila, har ya rufe fuskar ruwan. Madatsar Ilisu da Turkiyya ta gina a kan Dijla ta fara tara ruwa a 2019. Littattafan Warraƙ da Bagdadi sun tsira daga Hulagu, amma babu littafin da zai mai da shabbut cikin kogin da ya ƙafe. Ita ma unguwar da muka ci abincin ta sauya, domin da yawa daga Iraƙawanta sun koma gida ko sun wuce gaba, kuma bayan 2011 mutanen Sham ne suka cika shagunan da nasu gudun hijirar.

An kawo kifin a kan babban faranti, an rufe shi da gurasa don kada ya huce, ga yankakkiyar albasa da tumatir da amba a gefe. Da hannu ake ci. Samansa ya yi ja ya ɗan ƙone, cikinsa fari mai laushi, hayaƙin itace ya ratsa ko'ina. Muka ci har muka bar ɓawo kaɗai, aka biyo da shayi baƙi ƙirin mai ƙamshin hel, sukari kwance a gindin istikan. Da lokacin biya ya yi abokina ya miƙe, na ce masa in dai ruwan ƙanƙara zai nemo to ƙafata ƙafarsa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya fassara wa dattijon, shi ma ya dara, domin a makaranta an karantar da su wannan muƙama. Ya karɓi kuɗin kifi bayan doguwar jayayya, ya ƙi karɓar na shayi.

Muna shirin fita sai ya tambaye ni ko akwai kogi a ƙasarmu. Na ce akwai Kwara da Binuwai, na ba shi labarin bikin kamun kifi na Argungu da irin giwan ruwan da ake fitarwa, wanda sai ƙarti sun taru suke ɗaga shi. Idanunsa suka yi haske. Ya ce, "To, ɗana, ta ina kuke tsaga shi, ta baya ko ta ciki?" Na ce ta ciki. Ya girgiza kai, ya ɗauki wani guntun itacen lemo ya koma wajen wutarsa.